Ra'ayinka a Kan Littafi, Naka Ne ko na Aro?

Ƙannena maza da mata, akwai tambayar da nake yawan yi wa matasa idan hira ta kai mu ga littattafan hikaya: wane littafi ka fi so? Amsa iri biyu nake samu. Wanda yake so a ce ya yi nisa a karatu sai ya gyara zama ya ce Magana Jari Ce. Wadda ke karatu a waya dare da rana sai ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta karanta wani abin kirki, 'yan littattafan nan ne kawai. In ka bi na farkon da tambaya ta biyu, ka ce wane labari ne a ciki ya fi kama masa rai, sai ya fara inda-inda, don rabonsa da littafin tun yana ƙaramar sakandare, shi ma ɗin jarrabawa ce ta sa ya buɗe shi. Ita kuwa ta biyun, in ka lallaɓa ta ta saki jiki, za ta zayyana maka labari daga tushe har ƙarshe, ta gaya maka inda marubuciya ta yi ƙoƙari da inda ta ja zance don littafi ya yi kauri. Ita ce mai ra'ayi, kunya ce ta hana ta kiransa ra'ayi. Shi kuwa bakin malaminsa ya ara.

Abin da nake so ku ji tun kafin zance ya yi nisa shi ne, kowane mai karatu yana da damar ya ce wannan littafi ya yi mini, wancan bai yi mini ba, ko da duniya za ta taru ta ce ba haka ba ne. Amma damar tana da sharaɗi. Sai ka karanta da idonka, ka kai ƙarshe, in an tambaye ka dalili ka iya buɗe shafi ka nuna wurin. Tsufan littafi ba hujja ba ne, yawan masu sayensa ma ba hujja ba ne.

Mu fara da manyan, waɗanda ake ambaton sunansu da ladabi. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. An koya wa yara karatu a makarantu, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi, shi ya sa East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ku lura da shekarun biyu daga cikinsu. An haifi Imam a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta nasa, yana ɗan shekara 22. An haifi Tafawa Ɓalewa a 1912. Wato sa'o'inku ne. Ba su zauna don su rubuta abin da za a haddace a yi jarrabawa a kansa ba. Labari suka so bayarwa, a karanta a ji daɗi, su kuma su ci gasa. Daga baya ne zamani ya naɗa musu rawani. In kun riƙe wannan, tsoron da ke hana ku faɗin abin da kuka ji a ranku zai ragu.

Bari in fara ajiye nawa ra'ayin a faifai, don kada in sa ku abin da ban yi ba.

Ana koyar da Ruwan Bagaja a matsayin labarin saurayin da ya sha wuya don ya fitar da Limamin da ya rene shi daga kunya, ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Ni ba neman ruwan ne ke mayar da ni ga littafin ba, Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Duk inda suka yi kaciɓis da jarumin labarin, Alhaji Imam, sai littafin ya farka: wannan ya yi wa wancan tsiya a wannan gari, wancan ya rama a gari na gaba, ba mai jin kunyar wani. In kuma za a faɗi gaskiya, Alhaji Imam ba mutumin kirki ba ne a yawancin tafiyarsa. Maƙaryaci ne, mai wayon tsiya, wanda zai yi shigar malanta ya ci kuɗin jama'a ko a jikinsa. Marubucin da kansa ya bayyana cewa ya kwaikwayi salon Muƙamar Hariri, inda nan ma wani ɗan duniya mai zaƙin baki ne ke yawo gari-gari. Da labari ya bar kasuwanni da fadojin mutane ya shiga duniyar aljannu don a ɗebo ruwan, ni sai na ji armashinsa ya ragu. Wani zai ce shi nan ɗin ya fi so. Madalla, sai mu zauna mu yi musu, kowa ya kawo shafinsa.

Ganɗoki littafi biyu ne aka ɗinke a bango ɗaya. Kashin farko, inda ake ba da labarin zuwan Turawa, da yaƙin Bida da Kwantagora, da Nagwamatse, da kirari da sukuwar dawaki, yana da zafi irin na wanda ya tashi cikin mutanen da suka ga abin da idonsu. Kashi na biyu, da jarumi ya nausa gabas ya shiga kokawa da aljannu, bai riƙe ni haka ba. Ƙarshensa kuma, inda mutumin da ya yaƙi Nasara ya komo gida yana yaba abubuwan da suka kawo, yakan bar ni da tambaya: ra'ayin marubuci ne tsantsa, ko kuwa ya san hannun wa rubutun zai faɗa? Irin wannan tambaya ba rashin kunya ba ce ga magabata. Alama ce ta cewa ka karanta da hankalinka a farke.

Shaihu Umar ne na fi daɗewa ina juyawa a raina. An raɗa wa littafin sunan Umar, shi ne malamin da ɗalibai ke zagayewa a Rauta, shi ne mai ba da labari. Amma ku sake karantawa ku duba, me Umar ya yi da kansa? An sace shi yana yaro, an sayar da shi, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi ya mayar da shi ɗa, ya yi karatu ya zama malami. Kusan kome yi masa aka yi, shi dai haƙuri ne nasa. Wadda ta yi wani abu ita ce uwarsa. Ita ce ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, aka yaudare ta, aka mayar da ita baiwa, aka kai ta Murzuk, aka kai ta Tarabulus, tana shan uƙuba ba ta fasa tambayar inda yake ba, har suka haɗu a lokacin da ƙarfinta ya ƙare, ba ta daɗe ba ta cika. A ganina ita ce jarumar littafin, kuma shafukanta ne suka fi nuna munin cinikin bayi, fiye da duk wani wa'azi da za a yi a kai. Akwai kuma abin da ke damuna. Umar ya sami ubangida nagari, sai labarin ya zama kamar bauta ba ta da laifi in an dace da mai kirki. Mijin uwarsa, Makau, da kansa yana cikin masu zuwa harin bayi kafin sharrin fadawa ya kore shi daga gari, amma littafin bai tsaya ya tuhume shi a kan haka ba. Ina son littafin, ina kuma da ƙorafi a kansa, kuma biyun suna zaune lafiya a zuciya ɗaya. Wanda ya rubuta shi ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a Janairun 1966, Allah ya jiƙansa. Girman muƙaminsa bai hana mu auna littafinsa a matsayin littafi ba.

Jiki Magayi kuwa an rage masa mudu. Ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne amsar duk mai cewa labarin soyayya baƙon abu ne da ya shigo mana jiya. Abubakar da Zainabu suna son juna, attajiri Malam Shehu ya shigo da dukiyarsa ya aure ta, Abubakar ya tafi neman abin da zai rama da shi, aka lalata ɗan da aka haifa, Kyauta, har ya zama ɓarawo ya kashe ubansa bai sani ba. So, da kuɗi, da fin ƙarfi a aure, da ramuwar gayya: kayan da aka yi ta zagin marubutan Kano a kansu bayan shekara 60, ga su nan tun a gasar farko, da sa hannun Baturen da ya shirya ta.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939, ba na musun cewa a fagen sarrafa Hausa har yau ba a sha gabansa ba. Ku karanta shi da ƙarfi, ku ji yadda jimla ke tashi ta sauka ba tuntuɓe. Dabarar akun da ke riƙe Musa ɗan Sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, ita ce ta sa kashi na ɗaya ya fi sauran daɗi a wurina, domin kowane labari yana da aikin da yake yi, ana jin tsoron kada gari ya ƙi wayewa. Amma ku sani da yawa daga labaran aro ne, daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamusawa, da na Indiya, da sauransu. Imam bai ɓoye ba. Gwanintarsa ita ce ya narkar da su har Kalala da Kalalatu, da Sahoro da Sahorama, suka zama kamar maƙwabtanmu ne a unguwa. Saboda haka idan kun ji ana cewa marubutan yanzu daga fina-finan Indiya suke kwasa, kada ku tsaya a kan an kwasa ko ba a kwasa ba. Ku tambaya, an narkar ko kuwa an kawo shi ɗanye?

To, mu zo ga waɗanda ake karantawa a ɓoye.

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Boɗaɗo 'yar Fulani da ta so wanda ba ƙabilarta ba, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Bayan nan tattalin arzikin ƙasa ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, ga kuma ɗimbin matasan da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya koya wa karatu, suna neman abin karantawa. Sai marubuta suka daina jira. Mutum ya rubuta a littafin makaranta, ya kai a buga masa da tafireta, ya tara 'yan kuɗinsa ya kai maɗaba'a, ya ɗauko ya kai kasuwa da kansa. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano. Littattafan suka bazu har Maraɗi da Damagaram, gidajen rediyo suka shiga karanta su.

Wanda bai ga zamanin masu hayar littafi ba, bari in kwatanta masa. Tebur ne ko 'yar rumfa a bakin titi, an jera littattafai sirara masu takarda mai arha, bango da hoton fure ko na wata mace. Mai haya yana da wani tsohon littafin rubutu da yake sa suna da ranar karɓa. Matan aure ba sa zuwa da kansu, yaro ake aikowa da kuɗi a dunƙule a hannu da saƙon baki: a ba shi na biyu, in babu a ba shi wani na wannan marubuciyar. Littafi ɗaya sai ya zaga gida biyar kafin ya dawo, gefensa ya naɗe, ga tabon manja, wani shafin an liƙe shi da ƙullun fulawa. An kuma san dabarar kasuwa: daidai inda amarya za ta buɗe baki ta faɗi asirin, nan littafi na ɗaya zai ƙare. Mata da yawa da aka cire daga makaranta da wuri, a kan waɗannan shafuka karatunsu ya zauna. Wannan kaɗai ya isa a yi musu adalci.

Masana ba su yi shiru ba. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yayi ne da zai wuce, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu da mujallu. Wannan muhawara ta yi amfani, domin masu yin ta sun karanta abin da suke magana a kai. Wanda bai yi amfani ba shi ne hukuncin jimla, irin wanda ya kai ga tara littattafai a cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano a 2007. Wuta ba ta tantance mai kyau da maras kyau.

Kuma akwai masu kyau ƙwarai. Ni a wurina Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, zai zauna kusa da kowane littafi na 1933 bai ji kunya ba. Ku duba yadda ta shiga gidan Alhaji Abdu ta tsaya a kan kuɗin cefane. Ga mutum yana da rumfa a kasuwa, yana fita fes da shi, ga matarsa Rabi da 'ya'ya tara tana ƙulle-ƙullen yadda ɗan abin da ya bari zai kai dare. Ya auro Delu, ya kori Rabi, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Tsofaffin littattafanmu sun kai mu fada da fagen fama da ƙasar aljannu, amma ba su taɓa kai mu madafa mun ga mace tana lissafin gishiri da kalwa ba. Balaraba ta kai mu. Haka Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma, sa'an ubanta, ta gudu ta nemi ilimi. Marubuciyar ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, shi ya sa zafin da ke cikin littafin ba na jita-jita ba ne. An fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Abin dariya, sai a lokacin wasu 'yan bokonmu suka fara ganin girmansa. Kada ku zama irinsu.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya yi farin jinin da kaɗan ne suka taɓa yi. Na gane dalili: Sumayya 'yar masu hali ta kafe sai Muhammad talaka, kakarta ta kafe sai mai kuɗi, kuma duk saurayin da aka taɓa kora daga zance saboda aljihu ya ga kansa a ciki. Hausarsa mai sauƙi ce, tana tafiya kamar hira. Amma faɗawar Sumayya rijiya ba ta taɓa kwanta mini ba, kuma masoyan sun cika tsarki, mai kuɗin ya cika muni, alhali mutane ba haka suke ba. Littattafan Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda ake kira Anti Bilki, irin su Allura Cikin Ruwa, sun koya wa 'yan mata da yawa cewa karatu da aure ba kishiyoyi ba ne, ko da yake duniyarta takan cika walwala da wadata. Masu cewa babu kome a adabin wannan zamani sai soyayya kuma, su nemi Turmin Danya, inda Sulaiman Ibrahim Katsina ya fede fasa-ƙwauri da cin hanci ta hanyar Alhaji Gabatari, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, dukansu na 1982, da 'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya bi rayuwar karuwa bai kau da kai ba, bai kuma ƙawata ta ba.

Wannan raini ga abin da talakawa ke so ba a kanmu aka fara ba. A Ingila, Charles Dickens da ake karantarwa yau a jami'o'i, kashi-kashi ake sayar da labaransa wata-wata, talakawa na rububi. Dare Dubu da Ɗaya ma, manyan malaman Larabawa na da ba su ɗauke shi a bakin kome ba, hirar 'yan kasuwa suka ɗauke shi.

Sai dai kada ku ɗauka na zo ne in wanke duk abin da ke yawo a wayoyinku. Yanzu da karatu ya koma WhatsApp da Wattpad da YouTube, babu edita, babu mai duba rubutu, kuma ana biyan marubuci gwargwadon yadda ya iya riƙe mutane, sai jan zance ya zama sana'a. Za ka karanta shafi uku ana siffanta falo, da labule, da ƙamshin turare, da irin motar da aka faka, ba a ce kome ba. Jarumin kullum miskili ne ɗan attajiri wanda ba ya dariya, jarumar kullum fara ce mai dogon gashi marainiya, kishiya ko uwar miji kullum tana gidan boka. Rabin jimla Hausa rabi Turanci, ba don babu kalmar ba, sai don a nuna an waye. Ba a raba kalmomi daidai, ba a damu da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba. Akwai kuma waɗanda batsa ce jarinsu, labarin fakewa ce kawai. A nan ku iya bambancewa: littafin da ya nuna ɓarna don a ga illarta daban, wanda ya yi mata kwalliya don a yi sha'awarta daban. Zuciyarku ta san bambancin tun kafin wani ya gaya muku. In kun ga ba za ku iya barin wayar a buɗe a gaban ƙanwarku ba, kun riga kun yanke hukunci. Cikin wannan tarin kuma akwai matasa masu baiwa ta gaske, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da wasunsu fili. Aikinku ne ku tsamo su, kuma ba za ku iya ba sai kuna da ma'auni.

Ma'aunin ba a jami'a kaɗai ake samunsa ba. Ku dubi uwargida in ta ɗanɗana miya. Ba ta tsayawa a kan ta yi daɗi ko ba ta yi ba, za ta ce daddawa ta yi yawa, ko kuɓewar ba ta nuna ba, ko an yi gaggawar saukewa. Haka nake so ku zama da littafi. In kun ce ya burge ku, ku ci gaba: me ya burge ku? Hausar ce, ko yadda aka ƙulla labarin, ko wani mutum a ciki da kuka ji kamar kun san shi? In kun rufe sunayen masu magana, za ku iya gane wa ke magana daga irin kalamansa, ko kuwa tsohuwa da budurwa da direba duk baki ɗaya gare su? Matsalar da aka ɗaure, mutanen labarin ne suka kwance ta da halinsu, ko sai da marubuci ya kawo haɗarin mota ko wani gadon da ba a zata ba? Bayan mako guda, me ya rage a ranku?

Ku kuma raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai littafin da nake so, akwai littafin da aka iya rubutawa, ba kullum suke haɗuwa ba. Kana iya son littafi don ya zo maka a lokacin da kake cikin irin halin da yake bayani, ko don yayarka ce ta fara karanta maka shi, alhali ka san ginin nasa ba shi da ƙwari. Faɗi haka, ba abin kunya ba ne. Kana iya ganin gwanintar wani littafi amma bai taɓa maka zuciya ba. Wannan ma faɗe shi. Haka nan darasi mai kyau ba ya mayar da rubutu maras kyau ya zama mai kyau. Littattafai nawa ne suka ƙare da mugu ya tuba ko ya haukace, amma ba wanda ya gaskata, saboda an ga hannun marubuci yana tura shi?

Wanda bai karanta sai na waya, ya nemi na da, domin a can zai ji Hausar da kakanninsa suka yi, ya ga yadda ake faɗin abu mai yawa da kalmomi kaɗan. Ruwan Bagaja gaba ɗayansa bai kai tsawon gabatarwar wasu labaran yanzu ba. Wanda kuma yake taƙama da na da kaɗai, ya sauko ya karanta abin da ƙannensa mata ke karantawa kafin ya yi musu wa'azi a kai. Mai jin Turanci ya haɗa da Things Fall Apart na Chinua Achebe, da The Stillborn na Zaynab Alkali, da Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ya kuma yi musu irin tambayoyin da ya yi wa na Hausa, kada harshen ya ruɗe shi ya ɗauka duk abin da aka rubuta da Turanci ya fi. In littafi na sayarwa ne, ku saya. Marubuciyar da ta kwana tana rubutu, kuka tura aikinta rukuni-rukuni kyauta, haƙƙinta yana wuyanku.

Idan za ku saɓa wa malami ko wani babba a kan littafi, ku yi da ladabi, amma ku yi. Ka ce, Allah ya gafarta malam, ni a nawa ɗan karatun ga abin da na gani a shafi kaza. Malamin kirki zai ji daɗi, domin ya gaji da jin maganarsa tana dawo masa daga bakin ɗalibai. Ku kuma bar wa ra'ayinku ƙofa a buɗe, don littafin da ka karanta kana ɗan shekara 17 ba shi za ka tarar ba in ka koma masa kana da iyali. Yaro yana karanta Magana Jari Ce don dariyar Sahoro, magidanci yana karanta shi ya ga yadda ake zama da masu mulki ba a rasa kai ba.

Kada kuma ku taƙaita musun a tsakanin 'yan makaranta. Ku karanta wa iyayenku mata Alhaki Kuykuyo Ne, ku kai su wurin da gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, ya tsiyace, aka taru aka matsa wa Rabi ta koma gidansa, sannan ku tambaye su ko ya kamata ta koma. Ni ina ganin bai kamata ba, kuma ina zargin marubuciyar da gangan ta bar mana ɗacin a baki don mu ji abin da ake yi wa irin su Rabi. Wata goggona da ta saurari labarin ta ce ban san duniya ba: mace mai 'ya'ya tara, da surukai, da 'ya a gidan miji, ba don Alhaji Abdu ta koma ba, kuma Rabin da ta koma da jarinta a hannu ba ita ce wadda aka kora ba, yanzu ita ke ciyar da gidan. Na ce ai duk da haka tilasta mata aka yi. Ta ce in je in sake karantawa in duba wa ke ba wa wani kuɗin cefane a ƙarshe.